Ɗaya na Ciki, Ɗaya na Kaba

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar zafi, irin zafin Madina da ke nunar da dabino a kan bishiyarsa. In ka buɗe ƙofa da hantsi, iskar da za ta tarye ka sai ka ce murfin tanda aka ɗaga. Yaran gidana sai mita suke yi, alhali kowane ɗaki da mukayyif ɗinsa yana ta hura sanyi ba dare ba rana. Ni dai kallonsu kawai nake yi. Na taɓa ganin wannan wata da wannan zafi sun haɗu, shekara talatin da wani abu da suka wuce, lokacin ina 'yar shekara tara. Ba don Rahma ba, da ban zauna na tono wancan azumin ba.

Rahma ita ce autata. Shekararta tara ita ma, kuma sikila gare ta. Likitarta ba ta da wata waƙa sai ta ruwa: ta sha ruwa, ta ƙara shan ruwa, domin da jikinta ya bushe ciwon ƙashi zai taso. Mun san abin da ake nufi da ya taso. Bara mun kwana asibiti tana riƙe da hannuna tana cizon filo. Amma bana Rahma ta kafe sai ta yi azumi, saboda 'ya'yan 'yar'uwata duk suna yi, kullum suna kiranta a waya suna tambayar nawa ta kai. Na yi faɗa, babanta ya yi lallashi, ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa Allah bai ɗora mata ba. Ta ce to. Kashegari na kama ta tana juye kofin ruwanta a tukunyar fulawa da ke bakin taga. Leɓenta ya fara tsagewa, idonta ya fara yin ɗorawa. Tsoro ya kama ni, kuma na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Ana cikin haka maƙwabciyata ta gaya mini wata cibiyar mata a unguwar Khalidiyya ta buɗe ajin koyon saƙar ganyen dabino, da hantsi, har ƙarshen wata. Na rubuta sunana da na Rahma. Na ce ko hannunta ya sami abin yi ta manta da rigimar azumi. Akwai kuma wani dalili nawa na kaina. Ni 'yar Inna Mai Mafici ce, wadda duk unguwar Uhudu ta san saƙarta, amma ko faifai ban iya ba.

Ranar farko muna shiga ɗakin, kafin in ga malamar, kafin in ga kowa, ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen dabino ya dake ni. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Rahma ta ja mini abaya ta ce da Larabci, "Ummi, esh fi?" wato me ya faru. Na ce mata ba komai.

Wancan azumin, gidanmu yana can gindin dutsen Uhudu, ɗaki biyu na bulo da ɗan tsakar gida da Baba ya yi wa rumfa da zarben dabino. Wutar lantarki ba ta iso layinmu ba tukuna. Baba aikin gonar dabino yake yi wa wani Balarabe, hawa da sauka, shi ne barbarar furen dabino, shi ne girbi. Ana saura kwanaki a ga wata igiyar da yake ɗaurawa a ƙugu ta tsinke, ya faɗo ya karye a cinya. Aka yi masa ɗori aka kwantar da shi. Daga ranar abin da za mu ci ya koma hannun Inna, ita da yayata Habi, wadda ta ba ni shekara shida.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da tashi daga ciwon shawara ba. Na rame har awarwaron hannuna yana zamewa ya faɗi. Kuma a zafin shekarar da ta gabata ne muka binne ƙanwata Asma'u, wadda zazzaɓi da gudawa suka busar cikin 'yan kwanaki. Duk wannan bai dame ni ba, yarinta ce. Abin da ke raina ɗaya ne: bana zan yi azumina na farko. Mun yi alkawari da ƙawayena na layi. Muna da wata al'ada a lokacin, in aka haɗu da la'asar kowace ta zaro harshe a duba. Wadda nata ya yi fari ya bushe, mai azumi ce ta gaskiya. Wadda nata ke ja yana sheƙi, an kama ta, sai a bi ta da waƙa har ƙofar gidansu.

Ranar ɗaya ga wata na tashi na yi sahur da kowa, na ɗaura niyya da ƙarfi yadda har Baba zai ji daga ɗaki. Sai da hantsi ya ɗaga, Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta zube kayan saƙa, sannan ta kira ni.

"Abu, zo ki gani."

Ta ɗauki ganye ɗaya. Larabawa khus suke ce masa, amma Inna har ta bar duniya kaba take cewa, kamar yadda ta saba a garinsu. Ta lanƙwasa shi, ya karye ƙas.

"Kin gani? Kabar goruba ta can gida tana da haƙuri. Wannan ta dabino 'yar gata ce, in ba ta ji ruwa ba ba ta lanƙwasuwa. In aka yayyafa da hannu ruwan ya yi yawa, ta yi baƙi. Feshin baki take so, siriri. To ni ina azumi, Habi tana azumi, ba mai sa ruwa a baki a wannan zafin ya ce ba zai wuce ba. Babanku ga shi kwance. In ba a saƙa ba, ban san abin da za mu sha ruwa da shi ba."

Na gane inda ta dosa. Na fashe da kuka, na ce ai na riga na yi niyya.

"Ke ba a rubuta miki ba tukuna," in ji ta. "Amma ba zan matsa miki ba. Ke kika sani."

Ta ajiye moɗa cike da ruwa a gabana, ta juya ta ci gaba da tsaga kaba da farcen babban yatsanta kamar ta manta da ni. Na daɗe ina shessheƙa. Ina jin Baba yana nishi a ɗaki in ya motsa ƙafar. Daga ƙarshe na ɗauki moɗar.

"Tsaya," ta ce. "Busasshen baki ba ya feshi. Kurɓar farko ki haɗiye, ta biyu ki fesa. Ɗaya na ciki, ɗaya na kaba. Haka ake yi."

Haka kuwa aka yi, wata guda cur.

Aikin yana da tsari. Wani abokin aikin Baba ne yake kawo mana ganyen da sassafe a bayan keke, farin nan na zuciyar bishiya da rana ba ta taɓa ba. Yaya Habi ta cire ƙaya, ta zare ganyen daga zarbe. A shanya a inuwa, don ranar Madina in ta same shi sai ta toya shi. Wanda za a rina a dafa shi a tsohon gwangwanin man girki, wani da garura, wani kore, har yatsun Yaya suka rine suka ƙi fita sai bayan babbar Sallah. Da asuba a tsoma na aikin ranar a ruwa. Da hantsi Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, da wani jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙarƙashin gwiwarta, wanda ta ce don sanyin ƙafarta ne. Sai yatsunta su fara tafiya. Ba ta kallon abin da take yi. Tana iya saƙa tana yi wa Yaya faɗa tana amsa wa Baba magana, dogon layin saƙar yana ta fita ta bayanta yana naɗewa. Yaya ta ɗinke layukan da basilla su zama tabarma ko sufura, shimfiɗar cin abinci, ƙananan kuma a sa musu mariƙi su zama mafici. Ni kuma ina gefe da moɗata. Jim kaɗan Inna ta ce, "Abu, baki." In kurɓa in haɗiye, in kurɓa in cika kumatu in fesa.

Da farko tofi kawai nake yi, ruwan ya zubo mini a ƙirji. Yaya ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. Daga baya na ƙware, ina matse leɓe feshin ya fita kamar hayaƙi, in rana ta ratso ta rumfa har launuka nake gani a ciki. Na fara jin kaina. In azahar ta yi kuma Inna ta ce kumatun da ba su ci ba ba su da ƙarfin feshi, ta tura ni bayan randa da dabino da sauran shurba, romon jiya, in ci a ɓoye don kada in tayar wa masu azumi da rai.

Zafin shekarar ba a magana. Daga azahar iskar samum take tasowa ta kan duwatsu, ta shigo tsakar gida ta busar da gumi tun bai fito ba. Bangon ɗaki ba ya taɓuwa. Kajin maƙwabta su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa. Baba a kwance, zanen gadonsa a jiƙe, Yaya tana yi masa fifita da maficin da ya karkace wanda ba zai sayu ba. Leɓen Inna ya tsattsage har in ta yi magana jini yana fitowa. Wani lokaci saƙar takan tsaya a hannunta, ta rufe ido ta jingina da bango, sannan ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ruwa kuwa sai motar wayit ta zo, tankar da ke raba wa unguwa. In aka ji hon ɗinta kowa ya fito da gwangwani da jarka, a yi layi a rana. Ruwa ɗaya aiki uku yake yi a gidanmu. Na alwala a tare shi a kwano a jiƙa kaba, wanda aka jiƙa kaba a yayyafa a tsakar gida don ƙasa ta huce. Amma moɗata daga randa ake cika ta, randar da Inna ta naɗe da tsumma ta ajiye a lungu mafi sanyi. Akwai lokacin da motar ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, har sai Yaya ta kifa rabin jikinta cikin randar kafin moɗa ta taɓa ruwa. Ran nan ma sai da aka cika mini. Da igwar shan ruwa ta tashi daga cikin gari, na ga Inna ta kurɓi kaɗan ta miƙa wa Baba kwanon, ta ce ita yau ba ta jin ƙishi. Na yarda, don a lokacin duk abin da Inna ta faɗa haka yake.

Da la'asar su ɗauki abin da aka gama su nufi wajen rumfunan masu ziyara a gindin dutse. Maficin Inna ba ya kwantai, a wannan zafin kowa yana neman abin fifita. Su dawo da burodin shuraik mai riɗi a kai, da tumatir, wata rana har da ɗan nama na shurba. In ciniki ya yi kyau Inna ta dama kunun tsamiya ta soya ƙosai, gidan ya yi ƙamshin garin da ni ban taɓa gani ba. Baba yakan ɗaga ƙosai ɗaya ya ce, "Wannan na bakin Abu ne." Daɗi ya kama ni.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne la'asar ɗin nan. Na daina fita layi. Rannan ƙawayena suka biyo ni har gida suka ce in zaro harshe. Na zaro, ja wur yana sheƙi. Suka fara waƙarsu. Inna ta ɗago kai daga saƙa ta ce, "Kai, ku ɓace mini da gani. Ku azumi kawai kuke yi, ita gida take ciyarwa." Suka fice. Tun daga ranar in aka tambaye ni ko ina azumi, sai in ɗaga kai in ce a'a, aiki nake yi.

Ranar Sallah Baba ya fita Idi da sanda. Ni kuwa awarwarona ya daina zamewa. Yaya ta ce a duk Madina ni kaɗai ce na yi ƙiba da azumi. Inna ta yi mini alkawarin bayan Sallah za ta koya mini saƙar kanta. Sai makaranta ta buɗe, sai wuta ta iso layinmu da fankar silin, sai tabarmar roba ta cika kasuwa. Inna ta naɗe kayanta ta ajiye. Muna cewa wata rana, wata rana, har na yi aure, har ta rasu.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a ajin Khalidiyya, a kan kafet, mukayyif yana hura mini ƙeya. Malamar tamu dattijuwa ce 'yar Khaibar, kowa Ustaza yake ce mata, tafin hannunta ya yi kanta irin na Inna. Ta raba mana ganye, ta nuna mana yadda ake tsagawa da yadda ake kama farkon layi, wannan ya hau, wannan ya shiga ƙarƙashi. Rahma ta kama nan take. Ni kuwa yatsuna kamar ba nawa ba, layina ya yi ta karkacewa yana tafiya hagu. Ustaza ta warware mini, na sake, ta sake warwarewa tana cewa in yi haƙuri, hannu ba ya son gaggawa.

Da na ga an daɗe ana aiki, na duba ɗakin, kowa babba ne, kowa da azumi. Na ce, "Ya Ustaza, wa zai yi mana feshi?"

Ba ta gane ba. Na kwatanta mata da kumatu. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi.

"Wasu kan yi, in sun rasa tsumma," ta ce. "Amma meye na wahala? Ki jiƙa shi da safe, ki naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ki riƙa zarowa ɗaya-ɗaya. Har magariba yana nan da laushinsa. Haka iyayenmu suke yi, ko da azumi ko ba azumi."

Ta ɗaga gwiwarta ta nuna mini. Buhun algarara ne, a jiƙe, da ganye a naɗe a ciki.

Ban san abin da na saƙa ba a sauran darasin.

Bayan la'asar na shiga ɗaki na kira Yaya Habi a waya. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Yaya, buhun nan da Inna take sawa a ƙarƙashin gwiwa, me ke ciki?"

Ta kwashe da dariyar nan tata da ba ta tsufa. "La ilaha illallahu. Abu, sai yau? Da furfurarki?"

"Ki gaya mini."

"Kaba mana, me zai kasance? Daga nan take zarowa. Wadda kike fesawa ai ɓata ta kike yi, ruwa ya yi mata yawa. Ni ce nake kwashe ta in kin shiga bayan randa, in sake shanyawa. Kuma ni ce nake komawa layin wayit saboda cikinki, ko sannu ba ki taɓa ce mini ba."

"To me ya sa ba ta hana ni kawai ba?"

"Ke? A hana ki? Da kin yi a ɓoye, ta san halinki. Daren da aka ga wata ta ce mini, Habi, na ba ƙasar nan Asma'u bara, ba zan ba ta Abu bana ba. Ta ce in na kuskura na gaya miki sai ta yanke mini kunne." Muryarta ta sauya. "Allah ya jiƙan Inna."

Na ce amin, ko dai na yi ƙoƙarin cewa. Na daɗe a zaune a bakin gado da wayar a hannu ina kuka, kukan kewa da na godiya a haɗe, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ɗauke ta. Shekara talatin da wani abu ina ba da labarin yadda na ciyar da gidanmu da bakina.

Kashegari ba aji. Rahma ta tashi sahur ta ci, ta ɗaura niyya da ƙarfi tana kallona ta gefen ido. Da hantsi na shimfiɗa tabarma a falo, na zube ganyen da Ustaza ta ba mu na gwaji a gida, na kira ta. Na ɗauki busasshe ɗaya na lanƙwasa, ya karye. Na ce mata ina so in saƙa wa babanta mafici kafin Sallah, ga shi ina azumi, ba mai yi mini feshi. Na ajiye kofi a gabanta.

Ta dubi kofin, ta dube ni. "Ummi, ai Ustaza ta ce buhu ya isa."

"Wannan saƙar Khaibar ce," na ce. "Tamu ta Hausa baki take so. Haka kakarki take yi, kuma ni ce nake yi mata. Amma ba zan matsa miki ba. Ke kika sani."

Na juya na kama tsaga ganye. Rahma ba ni ba ce, yaran yanzu ba a rufe musu ido. Na ga ta kalli gwiwata, inda bakin jiƙaƙƙen buhu ya ɗan leƙo. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja kofin gabanta.

"In 'ya'yan Khala Habi suka tambaya," ta ce a hankali, "zan ce musu aiki nake yi."

"Aiki kike yi mana."

Ta cika kumatu za ta fesa. Na riƙe mata hannu.

"Tsaya. Busasshen baki ba ya feshi. Ɗaya na ciki, ɗaya na kaba."

Ta haɗiye. Na bi ruwan da ido har ya wuce maƙogwaronta. Na biyun kuwa ko kusa da ganyen bai je ba, a fuskata ya sauka, ya jiƙa mini tabarau. Ta ƙyalƙyale da dariya. Na goge da bakin mayafi, na zaro ganye mai laushi daga ƙarƙashin gwiwata, na ce mata ta sake, feshin bai yi ba tukuna.